Gwajin jini: Takarda ɗaya ba ta isa a yanke wa mutum hukunci ba

Tun watan Mayun 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure, duk masu shirin aure a Jihar Kano sai sun kawo takardar gwajin sikila, da na cuta mai karya garkuwar jiki, da na ciwon hanta nau'in B da C. Doka ce mai kyau, ta kuma haramta tsangwamar wanda aka samu da ɗaya daga cikin cututtukan.

Sai dai akwai giɓin da ba a cike ba. An tura dubban matasa ɗakin gwaji, amma ba a tanadar musu abin da za su yi da takardar idan ta fito da alama ba. Saurayi ko budurwa za su karɓi sakamako mai ɗauke da haruffan HBsAg da alamar an samu, kafin la'asar maganar ta zaga dangi, kafin mako ya cika an mayar da kayan lefe. Ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu cewa wannan gwajin na farko ne kawai, kuma bai nuna ko hantar ta taɓu ko ba ta taɓu ba.

Matsalar ta wuce ciwon hanta. Haka ake yi da gwajin taifod, da na olsa, da na tarin fuka. A asibitoci da ƙananan ɗakunan gwaji da kemis-kemis, an mayar da alamar da jini ya nuna ta zama ita ce cutar kanta.

Me gwajin yake aunawa?

Gwaje-gwajen jini da ake yi wa mai doguwar jinya kashi uku ne, kuma rashin bambance su ne tushen rikicin. Akwai wanda ke neman ƙwayar cutar da kanta ko wani ɓangare na jikinta. Akwai wanda ke neman sojojin da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar ƙwayar, waɗanda kan zauna a jini shekaru bayan an gama yaƙin. Akwai kuma wanda ke auna kumburi kawai, wato yadda jiki ya ɗauki zafi, ba tare da ya san dalili ba.

Fitattu a kashi na uku su ne ESR da CRP.

ESR tsohon gwaji ne, ya haura shekara ɗari ana yin sa. Ana zuba jini a siririyar kwalba doguwa, a ajiye ta tsaye awa ɗaya, sannan a auna milimita nawa jajayen ƙwayoyin jini suka nutse. Idan akwai kumburi a jiki, wasu sinadarai kan ƙaru a jini su sa ƙwayoyin manne wa juna kamar an jera kwabbai, sai su yi nauyi su nutse da sauri. Shi ke nan aikinsa.

To amma ƙarancin jini shi ma yana ɗaga ESR. Juna biyu yana ɗaga shi. Tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga shi. A yankin da ƙarancin jini ya zama ruwan dare tsakanin mata da yara, samun ESR a sama ba wani abin mamaki ba ne. Mai sikila kuma nasa juye yake: ƙwayoyin jininsa masu siffar lauje ba sa jeruwa, don haka gwajin na iya fitowa ƙasa alhali cuta na cin jikinsa. Wanda ya dogara da ESR ya sallami mai sikila ya yi ganganci.

CRP ya fi shi kaifi. Wasu masana biyu, William Tillett da Thomas Francis, suka gano shi a Amurka a 1930 cikin jinin masu ciwon nimoniya. Hanta ce ke sarrafa shi. Yakan fara hawa cikin 'yan awoyi da soma kumburi, ya kai ƙololuwa cikin kamar kwana biyu, ya kuma sauka da wuri idan magani ya kama. Shi ya sa likitoci ke son sa wajen bibiyar ko jinya na tafiya daidai. Amma shi ma ba ya ambaton sunan cuta. Maleriya na ɗaga shi, ƙuna da rauni da tiyata na ɗaga shi, ciwon gaɓoɓi na ɗaga shi, har ƙiba da shan taba kan ɗan motsa shi.

Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne. Idan CRP ya hau akwai dalili. Nemo dalilin shi ne aikin likita, kuma a nan ne ake yawan tsayawa.

Taifod ɗin da ba ya warkewa

Babu inda wannan kasala ta fi fitowa fili kamar gwajin Widal. Wani likitan Faransa, Georges-Fernand Widal, ya ƙirƙiro shi a 1896. Ba ya neman ƙwayar taifod, sojojin garkuwar jiki yake aunawa. Wanda ya taɓa yin taifod shekarun baya zai iya nuna alama. Wanda ya yi allurar rigakafinsa zai iya nunawa. Wanda ya sha ruwa ko ya ci abinci mai ɗauke da 'yan uwan ƙwayar, waɗanda ba su ke kawo taifod ba, shi ma zai iya nunawa. Mai maleriya ma yakan nuna. A garin da mutane suka tashi da ruwan rijiya da na 'yan garuwa, lafiyayyu da yawa za su fito da alama idan aka gwada su.

Yadda ƙa'idar gwajin take, sau biyu ake ɗibar jini, da tazarar kwana goma zuwa mako biyu, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu. Kusan ba wanda ke yin hakan. Sau ɗaya ake ɗiba, a fito da takarda cikin rabin awa, a rubuta "maleriya da taifod", a ɗaura ruwa, a soma allurai.

Daga nan aka samo wata cuta da ba ta cikin littafin likitanci: taifod ɗin da mutum ke fama da shi shekara uku, yana tashi duk bayan wata biyu. Taifod na gaskiya zazzaɓi ne mai tsanani da ke kwantar da mutum, idan ba a yi magani ba yana iya huda hanji. Ba ya zama ciwon kai da kasala na shekara da shekaru. Mai irin wannan koken yana iya zama da ciwon suga, ko ƙarancin jini, ko tarin fuka, ko ciwon ƙoda, ko damuwa. Kowane zagayen allura da aka yi masa jinkiri ne ga gano ainihin abin da ke damunsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya kansa shi kaɗai ba. Magungunan da ake ɗirka wa masu wannan taifod na takarda, irin su ciprofloxacin da ceftriaxone, su ne ake buƙata ranar da cutar gaske ta zo. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka samu ɓarkewar taifod da ya daina jin waɗannan magunguna biyu. Ba abin da zai hana irin haka faruwa a duk inda ake shan su barkatai.

Haka zancen yake da olsa. Gwajin jini na ƙwayar H. pylori sojojin garkuwa yake gani, kuma sukan ci gaba da nunawa bayan magani ya kashe ƙwayar. Mutum ya gama shan magani, ya koma ya sake gwajin jini, a ce masa tana nan, ya sake saye. Gwajin bayan gida ko na numfashi ne ke nuna ko ƙwayar na raye.

Masu aikin lafiya suna da uzurinsu, kuma ba uzurin banza ba ne. Gwajin da ya dace da taifod shi ne a raini jinin a ɗakin gwaji har ƙwayar ta tsiro. Wannan na ɗaukar kwanaki, yana son wutar lantarki marar yankewa da kayan aiki masu tsada, kuma shi ma yakan kuskure, musamman idan majinyaci ya riga ya sha magani daga kemis. Ma'aikacin da ke ƙaramin asibitin ƙauye, ga yaro da zazzaɓin kwana bakwai a gabansa, ba zai jira abin da babu ba. Amma a irin wannan hali gara ya dogara da tarihin ciwon da abin da ya gani a jikin yaron, ya cire maleriya da gwajinta, ya yanke shawara da saninsa cewa zato yake yi. Gwajin da ke ba da amsar ƙarya ya fi rashin gwaji haɗari, domin yana rufe bakin tambaya.

Darasin tarin fuka

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma har yanzu akwai wuraren da ake kallon ESR mai yawa a ce tibi ne. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta yi abin da ba ta saba yi ba: ta fito ƙarara ta ce a daina amfani da gwaje-gwajen jini masu auna sojojin garkuwa wajen gano tarin fuka, saboda yawan kuskurensu ta ɓangarorin biyu. Gwajin fata na Mantoux ma bai bambance wanda ƙwayar ke kwance a jikinsa da wanda ta tasar wa, alhali an ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, mafi yawansu kuma ba za su taɓa yin ciwon ba.

Abin sha'awa, hukumar dai ce a 2021 ta amince a yi amfani da CRP wajen tantance masu ɗauke da HIV, manya da matasa. Idan ya haura miligiram 5 a lita, sai a tura mutum gwajin kaki a na'urar GeneXpert. Ga yadda ya kamata a yi amfani da gwajin kumburi ke nan. Shi ke nuna wanda za a tura gaba, na'urar da ke ganin ƙwayar ce ke yanke hukunci. Gwajin kakin da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ciwon hanta: inda aka fi yin asara

Idan a taifod ana yi wa mutane maganin cutar da ba su da ita, a ciwon hanta akasin haka ake yi. Ana gano masu cutar, sannan a sake su.

Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Wato nau'in B ya ninka HIV sau biyar da wani abu. A duniya, WHO ta ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022.

HBsAg wani ɓangare ne na fatar ƙwayar. Samun sa na nufin ƙwayar na jiki, idan kuma ya wuce wata shida yana nan, ta zauna ke nan. Amma mutum biyu masu takarda iri ɗaya na iya zama a hali biyu mabambanta. Ɗaya ƙwayar ta lafa, hantarsa lafiya lau, abin da yake buƙata shi ne a riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci. Ɗayan ƙwayar na hayayyafa, garkuwar jikinsa na yaƙar ta a cikin hanta, hantar na tabo a hankali, shi kuwa yana harkokinsa bai ji komai ba. Hanta ba ta da saurin kuka. Sau da yawa ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, an riga an makara.

Gwaje-gwajen da ke raba waɗannan mutum biyu sanannu ne. ALT da AST sinadarai ne da ke zubowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta na lalacewa. HBV DNA yana ƙirga yawan ƙwayar a jini. Akwai kuma wani lissafi mai suna APRI, wanda ake haɗa AST da adadin ƙwayoyin daskarar da jini a gano ko hanta ta soma tabo. Abubuwa biyun da APRI ke buƙata, kusan kowane babban asibitin gwamnati na iya auna su.

A watan Maris na 2024 WHO ta sassauta ƙa'idojin soma magani. Yanzu wanda APRI ɗinsa ya wuce 0.5 ya cancanci magani. Haka wanda ƙwayar ta haura 2,000 a ma'aunin HBV DNA kuma ALT ɗinsa ya wuce 30 ga namiji ko 19 ga mace. Inda ba a samun gwajin HBV DNA, ALT da ya daɗe a sama kaɗai na iya isa. Maganin, tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ya kawar da cutar gaba ɗaya ga mafi yawan mutane, kuma ba a daina shi da ka domin ciwon na iya tasowa da ƙarfi, amma yana danne ƙwayar ya rage haɗarin tabon hanta da kansa ƙwarai.

Wanda ba a yi wa wannan bayani ba, kasuwa ce ke yi masa nata. Masu tallar magani a rediyo da Facebook da TikTok na alƙawarin "wanke hanta" cikin wata uku har gwaji ya koma babu. Wasu daga cikin jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su kansu suna yi wa hanta illa. Mutum ya ƙarar da jarinsa a kan jarkoki, kuɗin da da ya kai ɗakin gwaji da ya san matsayinsa. Wani abin da ba a cika faɗa wa masu cutar ba shi ne gyaɗa da masarar da suka yi funfuna na ɗauke da gubar aflatoxin, wadda idan ta haɗu da nau'in B take ninka haɗarin kansar hanta. Wannan shawara ce ta kyauta da ta fi jarka goma amfani.

Nau'in C kuma nasa kuskuren daban ne. Gwajin gaggawa da ake yi sojojin garkuwa yake gani. Kusan mutum uku cikin goma da suka kamu, jikinsu na kawar da ƙwayar da kansa, amma alamar na nan har abada. Sai gwajin HCV RNA ne zai nuna ko tana nan. Idan tana nan, magungunan zamani na warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari cikin mako 12 zuwa 24. Fasa aure a kan alamar cutar da wataƙila ta riga ta tafi, ko wadda wata uku na magani zai iya kawarwa, zalunci ne da jahilci ya haifar.

Abin da shirin HIV ya riga ya nuna

Ba za a ce ba a iya ba, domin an yi a wani wuri. Mai ɗauke da HIV a Najeriya ba a barin sa da gwajin farko. Ana tabbatarwa da gwaji na biyu. Ana auna CD4, wato fararen ƙwayoyin jinin da cutar ke kashewa, kuma idan sun gaza 200 an san ciwon ya yi nisa, sai a nemi tarin fuka da sanƙarau tun ba su bayyana ba. Ana auna yawan ƙwayar a jini don ganin ko magani na aiki. Akwai mai ba da shawara kafin gwaji da bayansa, akwai kati, akwai ranar dawowa.

Tenofovir ɗin da mai ciwon hanta ke saye da kuɗinsa yana cikin haɗin maganin da ake bai wa mai HIV kyauta. Na'urorin GeneXpert da aka girka a asibitoci domin tarin fuka suna iya auna HBV DNA da HCV RNA idan aka sayo musu kayan gwajin da ya dace. Ke nan na'ura na nan, ma'aikata na nan, hanyar kai samfuri daga ƙauye zuwa birni na nan. Abin da babu shi ne kasafi da niyya.

Gwamnatin da ta wajabta gwajin farko ta ɗauki nauyin na biyu. Ya kamata duk wanda takardarsa ta nuna HBsAg a gwajin aure ya fita da takardar tura shi asibiti, a yi masa ALT da APRI cikin rangwame ko kyauta, a sa shi cikin tsarin inshorar lafiya na jiha. Majalisar kula da ɗakunan gwaji ta ƙasa, MLSCN, ita ma tana da aiki: ɗakin gwajin da ke rubuta sunan cuta da magani a ƙasan sakamako ya shiga hurumin da ba nasa ba. Limamai da waliyyai kuma, tunda a gabansu takardar ke ƙarewa, suna buƙatar wanda zai koya musu karanta ta.

Abu na farko da ya kamata su sani shi ne ciwon hanta nau'in B ba ya hana aure. Ba a ɗaukar sa ta zufa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha. Ta jini ne, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, sai kayan kaifi da ake yin tarayya a kansu kamar askar wanzami da reza da abin yankan farce. Idan ɗaya yana da shi ɗayan ba shi da shi, wanda ba shi da shi zai karɓi allurar rigakafi sau uku cikin wata shida, kuma akwai gwajin anti-HBs da ke tabbatar da cewa garkuwar ta samu.

Wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne ɗakin haihuwa. Babban mutum da ya kamu, fiye da kashi 95 cikin ɗari jikinsa na kawar da ƙwayar. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, kusan tara cikin goma tana zama musu har girma. Najeriya ta sa rigakafin a jadawalin yara tun 2004, kuma allurar farko ana son ta cikin awa 24 da haihuwa. A gidajen da ake haihuwa a ɗaki, a jira sai bayan suna kafin a fita da jariri, wannan lokacin wucewa yake yi. Macen da gwajin aure ya nuna tana ɗauke da ƙwayar tana buƙatar a rubuta hakan a katin awonta, a auna yawan ƙwayar tun cikin na tsakiya, a ba ta tenofovir idan ta yi yawa, sannan a tanadi wanda zai kai jaririn asibiti ranar da aka haife shi, ko da ranar Asabar ce.